Ɗan Hakin da Ka Raina: Ƙaramin Bambanci Tsakanin Ɗakin Bincike da Fagen Waƙa

A shekarata ta uku a jami'a aka ba mu aikin da kowane ɗalibin adabin Hausa ya sani: ka koma garinku, ka naɗo waƙar wani makaɗi, ka rubuta ta a takarda, ka yi mata sharhi. Na zaɓi wani dattijo makaɗin noma na ƙauyenmu, wanda tun ina yaro nake jin gangarsa a wajen gayya. Waƙa ɗaya na naɗa daga bakinsa har sau biyu. Naɗin farko na yi shi a bakin gona, ranar wata gayya a tsakiyar damina. Na biyu kuma a ƙofar gidansa, bayan an kai amfanin gona rumbu. Waƙar ta wani jarumin manomi ce da ya tafi ci-rani Kudu, ruwa ya sauka bai dawo ba, har mutane suka fara yi da shi cewa birni ya cinye shi.

Na zauna na rubuta duka biyun, na jera su gefe da gefe. Na ga ya sauya jerin ɗiya biyu, ya kuma ƙara sunan wani mai kyauta a ta gida, sauran kuwa kamar an buga da hatimi. Sai na haɗe su suka zama matani ɗaya, na rubuta a ƙasa cewa babu wani bambanci na a-zo-a-gani a tsakaninsu. Daren da zan koma makaranta na kunna wa kawuna su biyun a waya. Da ya ji ta biyun sai ya yi murmushi ya ce, "Ka ji tsohon nan, ya ci nasara."

Na ce, "Wace nasara kuma, Kawu? Ai abu ɗaya ya maimaita."

Ya ce, "Haba ɗana. A ta gona cewa ya yi mutumin yana nan tafe, a daina yi da shi. A ta gida kuwa cewa ya yi ga shi ya iso."

Na nuna masa takardata na ce, "Duka biyun 'ya zo' ya ce."

Ya ce, "A takardarka ke nan."

Na sake kasa kunne, sai na ji abin da ya ji. A gona, muryar makaɗin takan hau kan "ya" sannan ta gangaro, wato karin faɗau, mai nufin zai zo. A gida kuwa muryar ta tsaya a sama ba ta sauko ba, mai nufin zuwan ya tabbata. Waƙar farko kāriya ce ga mutumin da ba ya nan, a gaban taron da ke yi masa dariya. Ta biyu kuma shelar cewa makaɗin bai yi ƙarya ba. Duk wannan yana rataye ne a kan gangarowar murya da ba ta kai tsawon ƙiftawar ido ba, kuma ni da hannuna na share ta.

Tun daga wannan dare nake bibiyar tambaya ɗaya: yaya mai nazari zai yi da ƙaramin bambanci? Amsar da na tsaya a kanta ita ce, girman bambanci ba shi ke nuna nauyinsa ba, gurbin da ya faɗa shi ke nunawa. Saboda haka wajibin mai tarke ne ya fara adana bambancin kafin ya yanke masa hukunci. Masana kimiyya sun sha wuya kafin su gane haka, kuma ina ganin tarihin wuyar tasu zai amfani mai nazarin waƙa.

Tauraro da Agogo

A farkon 1796, shugaban gidan duban taurari na Girinwic da ke Ingila, Nevil Maskelyne, ya sallami mataimakinsa David Kinnebrook daga aiki. Aikinsu shi ne su rubuta daidai lokacin da tauraro ya gifta wani siririn zare da ke cikin madubin hangen nesa. Mai dubawa yana kallon tauraron da ido, yana ƙirga bugun agogo da kunne, sannan ya ƙiyasta lokacin giftawar. Laifin Kinnebrook shi ne lissafinsa yana zuwa a makare idan aka gwada da na maigidansa, da tazarar da ta kai kashi 8 cikin 10 na sakan ɗaya. Maskelyne bai yi shakkar cewa nasa ne daidai ba, tunda shi ne babba.

Bayan kimanin shekara 20, wani masanin taurari Bajamushe mai suna Friedrich Bessel ya ci karo da labarin. Maimakon ya ɗauke shi labarin ragon ma'aikaci, sai ya gwada kansa da wasu ƙwararrun abokan sana'arsa. Ya tarar babu mutum biyu da lissafinsu ya zo ɗaya, har akwai wanda tazarar da ke tsakaninsu ta kai sakan guda. Ya kuma lura cewa tazarar ba ta tafiya barkatai, kowane mai dubawa yana da irin tasa da ta bi jikinsa. Daga nan masana taurari suka fara auna tazarar kowane mutum suna sanya ta cikin lissafi, kuma wannan bincike yana cikin tushen nazarin saurin fahimtar ɗan Adam da ya bunƙasa daga baya.

Wanda ya zauna rubuta waƙar baka daga kaset yana kan kujerar Kinnebrook ne. Shi ma yana haɗa kunne da hannu, shi ma yana da tazarar da ta bi jikinsa. Tazararsa ita ce karin harshen da ya tashi da shi, da irin rubutun da aka koya masa a makaranta. Bakano da ke rubuta waƙar Ibrahim Narambaɗa ko ta Musa Ɗanƙwairo yana jin Hausar yamma da kunnen gabas, kuma sau da yawa hannunsa kan gyara abin da kunnen ya ji tun bai sani ba. Ni ma abin da ya same ni ke nan: na ji da kunnen boko, wanda ya saba da cewa abin da ba a rubutawa ba shi da muhimmanci. Darasin farko ke nan da na ɗauko daga kimiyya: idan ruwayoyi biyu suka saɓa, ko suka yi kama fiye da kima, a fara binciken mai ruwayar.

Bakin Tsuntsu da Bakin Mawaƙi

Darasi na biyu ya fi wannan zurfi. Masana taurari suna da hujjar neman amsa ɗaya, domin tauraro sau ɗaya ya gifta. Amma akwai abubuwan da ba su da amsa ɗaya tun asali. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, yawancin masana halittu suna ɗaukar cewa kowane jinsin tsuntsu ko tsiro yana da siffa guda ta ainihi, ɗaiɗaikun da ake gani kuwa kwafi ne da suka ɗan kauce. Charles Darwin ya juya wannan tunani a littafinsa na 1859, wanda ya buɗe shi da babi a kan bambance-bambancen dabbobin gida, musamman tattabaru. Ba muhawarar asalin ɗan Adam ta kawo ni nan ba. Abin da ya shafe ni shi ne abin da kowane makiyayi ya sani, cewa ba a taɓa samun shanu biyu iri ɗaya sak ba, kuma da wannan ɗan fifiko ake zaɓen bijimin da zai yi barbara.

An ga aikin wannan fifiko ƙuru-ƙuru a wani ɗan tsibiri mai suna Daphne Major, cikin tsibiran Galafagos na ƙasar Ekwado. Daga 1973 Peter Grant da matarsa Rosemary da ɗalibansu suka yi ta kama wasu ƙananan tsuntsaye masu kama da gwara, suna auna bakinsu ɗaya bayan ɗaya. A 1977 aka yi fari mai tsanani. Ƙananan ƙwayoyi masu laushi suka ƙare, aka bar manya masu tauri, irin na wani tsiro ɗan'uwan tsidau ɗinmu. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan jinsin tsuntsu suka mutu. Da aka auna waɗanda suka tsira, sai aka ga kaurin bakinsu ya ɗara na taron da aka fara da shi da kusan rabin milimita. Bayan ruwa mai yawan gaske da aka yi a 1983, ƙananan ƙwayoyi suka dawo, sai riba ta koma wajen masu ƙaramin baki. Da a ce masu binciken sun tsaya ga zana hoton tsuntsu ɗaya su ce ga siffar jinsin, da duk wannan ya wuce su.

Nazarin adabi ya yi irin wannan juyi a hannun Milman Parry da ɗalibinsa Albert Lord na Jami'ar Habad. Tsakanin 1933 da 1935 suka zaga tsohuwar Yugoslabiya suna naɗar mawaƙan baka masu rera dogayen labaran jarumai da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, mai kama da gogenmu. Mawaƙan kan tabbatar musu cewa suna maimaita waƙa kalma da kalma, amma faifan ya nuna ba a taɓa rera ta sau biyu iri ɗaya ba. Mawaƙan ba ƙarya suke yi ba. Abin da suke kira kalma ya fi tamu faɗi, yakan kai ɗango guda ko fiye. A littafinsa na 1960, Lord ya kai ga cewa neman matanin asali a irin wannan waƙa neman abin da babu ne, domin kowace rerawa ita ce waƙar a wannan rana.

Bahaushe bai buƙaci zuwa Turai kafin ya san haka ba. Duk wanda ya saurari Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata a kaset fiye da ɗaya ya san gindin yana nan daram, amma ɗiyan suna shiga suna fita gwargwadon wuri da zamani da waɗanda ke zaune a gabansa. Shata ya rasu a 1999, ya bar ruwayoyi da dama na waƙa guda. Tambayar wacce ce Bakandamiya ta gaskiya daidai take da tambayar wane tsuntsu ne na gaskiya a tsibirin nan. Tambayar da za ta haifar da ilimi ita ce: me ya tsaya bai motsa ba a dukkan ruwayoyin, me ya sauya, kuma a gaban wa ya sauya?

Harafi Ɗaya a Jini, Gaɓa Ɗaya a Ɗango

To amma idan kowace rerawa waƙa ce, shin kowane bambanci yana da daraja ɗaya ke nan? A nan ne darasi na uku ya shigo, kuma misalinsa yana cikin gidajenmu, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da gadon sikila.

Sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, wato himogulobin, yana da wani sashe da aka jera shi da tubala 146. Umarnin jera su yana rubuce a zaren gadon halitta da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, kuma kowane haruffa uku suna nuni ga tubali ɗaya. A gurbi na shida, rubutun da aka saba gani shi ne GAG. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. A 1956 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin bai wuce wuri ɗaya ba, daga baya kuma ya tabbatar tubali ɗaya ne cikin 146. Harafin tsakiya ne ya sauya, GAG ya koma GTG. Wannan kaɗai ya isa ya sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi mata ƙaranci, ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kuka.

Yanzu a duba wannan gurbi dai. Idan harafin ƙarshe ne ya sauya, GAG ya koma GAA, babu abin da zai faru, domin duka biyun tubali ɗaya suke nufi. Idan na farko ne ya sauya, ya koma AAG, sai a sami wani nau'in jini da ake kira C, wanda ya yawaita a Burkina Faso da arewacin Gana, kuma illarsa ba ta kai ta sikila ba. Sauyi uku ke nan masu girma ɗaya, harafi ɗaya-ɗaya, a cikin kalma guda: ɗaya shiru, ɗaya da sauƙi, ɗaya da azaba. Har ila yau, a 1954 Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai na iyayensa yana samun kāriya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen sauro. Wato ko sauyin da ya zama cuta, hukuncinsa ya danganta da abin da ya haɗu da shi da ƙasar da ya sami kansa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne malaman aruli sun riga sun tsara irin wannan rarrabewa a fagen waƙa tun ƙarni na 8, lokacin da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da karuruwan waƙar Larabci guda 15, aka ƙara na 16 a bayansa. Da yawa daga rubutattun waƙoƙinmu a kan waɗannan karuruwa aka gina su. A ɗauki karin Kamil. Ƙafarsa gaɓa biyar ce: gajera, gajera, doguwa, gajera, doguwa. Idan na ce "da ruwan gari", ina nufin garin da mutane ke zaune, na cika wannan ƙafa daidai. Idan na ce "sarkin gari", gaɓoɓin sun koma huɗu, doguwa ɗaya ta maye gurbin gajeru biyu na farko, amma ƙafar tana nan lafiya. Wannan shi ne zihafin da ake kira ilmari, kuma mawaƙi yana da damar ya kawo shi a wannan ɗango ya bar shi a na gaba. Amma idan na ce "da ruwan gari" ina nufin garin tuwo, wanda wasalinsa na farko dogo ne, ƙafar ta karye, ko da yake yawan gaɓoɓin bai sauya ba, kuma a boko ko ɗigo bai motsa ba. Sauyin da ya cire gaɓa sukutum bai yi ɓarna ba, wanda ya ja wasali ɗaya kuwa ya rushe awon. Akwai kuma illa, wadda ke faɗawa a ƙafar ƙarshe, wadda a bisa ƙa'ida idan mawaƙi ya shigo da ita sai ya lizimce ta har ƙarshen waƙa.

Zihafi ba rangwame ba ne da aka yi wa ragon mawaƙi. Waƙar da kowace ƙafa tata ta zo cif-cif ba tare da zihafi ba takan gundiri kunne kamar ƙarar injin niƙa. Gwanin mawaƙi yakan tara gajerun gaɓoɓi inda yake son gudu, ya jera dogaye inda yake son nauyi da natsuwa. A bakin mai rerawa kuma akwai wani mataki na bambanci da ya fi wannan ƙanƙanta. A 2019 aka buga wani nazari na Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh a kan karin Rajaz a waƙar Hausa, inda suka auna tsawon gaɓoɓi a cikin rerawa, suka nuna cewa tsawon kowace gaɓa yana fitowa ne daga ja-in-ja tsakanin nauyinta a harshe, da gurbinta a karin waƙar, da kuma raujin da mai rerawa ya ɗora ta a kai. Abin da kunnen kawuna ya kama a daren nan yana cikin irin wannan mataki, inda awo da ma'ana ke haɗuwa.

Inda Muke Yin Asara

Da waɗannan darussa uku nake duban yadda muke mu'amala da matanin waƙa, kuma ina ganin asara ta hanya uku. Ina faɗin haka ne da cikakkiyar girmamawa ga magabatan da suka yi yawon tattara waƙoƙi da guminsu, waɗanda ba domin su ba da ba mu da abin nazarta.

Hanya ta farko ita ce matani marar asali. Sau da yawa ɗalibi kan kawo waƙar baka a kundinsa ba tare da ya faɗi daga wane naɗi ya rubuto ta ba, a ina aka rera ta, a wace shekara, a gaban wa. Wani lokaci ma, kamar yadda na yi, yakan tsinto ɗiya daga nan da can ya ɗinke su. Sannan ya ɗauko matakan nazari irin waɗanda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa rubutacciyar waƙa, ko waɗanda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa wa ta baka, ya yi ta feɗe zubi da tsarin abin da makaɗin bai taɓa rerawa ba. Matakan ba su da laifi, abin da aka ɗora a kansu ne jabu.

Hanya ta biyu ita ce gyara zuwa daidaitacciyar Hausa. Basakkwace kan ce "yaz zo" inda Bakano zai ce "ya zo" da gajeren wasali. A ma'ana ɗaya ne, amma a awo gaɓar farko ta Basakkwace doguwa ce, ta Bakano gajera. Wanda ya mayar da ta farko ta koma ta biyu domin ta dace da ƙa'idar rubutu ya taɓa karin waƙar, kuma mai nazarin da ya zo bayansa zai iya zargin mawaƙin da karya ƙafar da mai rubutu ne ya karya ta. Wannan shi ne a kori Kinnebrook saboda tazarar Maskelyne.

Hanya ta uku ita ce shirun boko game da tsawon wasali da karin sauti. An yi ƙoƙari a shekarun 1930 aka samar da haruffa masu ƙugiya, har muka iya raba "daidai" da "ɗaiɗai". Amma "ya zo" har yau tana ɗauke da karatu huɗu a rubutu ɗaya: ya riga ya zo, sai ya zo a cikin labari, umarnin ya zo, da kuma zai zo. A zance na yau da kullum muhalli yakan warware. A waƙa kuwa, inda ake taƙaita magana ake kuma wasa da harshe da gangan, muhallin bai cika isa ba. Ajami ma ya fi boko a wannan fanni ta wani gefen, domin yakan nuna dogon wasali, saboda haka duk lokacin da aka juya tsohuwar waƙa daga ajami zuwa boko akwai labarin da ke zubewa a hanya. Magani kuwa ba sabo ba ne. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna tsawo da karin sauti. Kundin ayyukan Nana Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997 ya haɗa da hotunan rubutun hannu, ta yadda mai shakka zai iya komawa ya duba da idonsa.

Iyakar Kwatancin

Mai karatu zai iya cewa: idan aka bi wannan shawara, littafin waƙa zai cika da alamomi da bayanan gefe har daɗin karatu ya gudu, kuma za a haifi ɗaliban da ke ganin hikima a kowane tuntuɓen harshe. Wannan suka tana da ƙarfi, na kuma yarda da rabinta. Yawancin bambance-bambancen da ke tsakanin ruwayoyi irin GAG da GAA ne, ba su sauya komai. Makaɗi yakan manta, yakan yi tari, yakan cike gurbi da abin da ya zo bakinsa domin kada kiɗa ya bar shi. Mai tarken da ya gina fassara a kan kowane irin wannan ya wuce gona da iri. Littafin da aka yi domin makaranta ko domin nishaɗi yana da damar ya zaɓi ruwaya ɗaya mai tsabta, muddin ya faɗi wacce ya zaɓa. Amma kundin bincike wani abu ne dabam. Ba a iya sanin cewa sauyi na shiru ne sai an gan shi an gwada shi, wanda kuwa aka share tun a matakin rubutu ba zai sake zuwa gaban alƙali ba. Gwajin ma ba mai wuya ba ne: shin sauyin ya taɓa ma'ana, ya taɓa awo, ko ya dace da wani abu da ya faru a wurin rerawar? Shin ya maimaitu? Idan mawaƙin yana raye, a koma a tambaye shi.

Akwai kuma inda kimiyya da fasaha suka rabu, kuma kama da wane ba ta wane. Harafin da ya sauya a cikin jini bai yi niyya ba, tsuntsun da ya tsira bai zaɓi bakinsa ba. Makaɗi kuwa yana da kunne, yana da nufi. Ya fi kama da mai kiwon tattabarun da Darwin ya buɗe littafinsa da shi, wanda ke lura da ɗan fifikon da wasu ba su gani ba, ya ware shi, ya raya shi. Masu sauraro su ne damina da farin waƙa: ɗan da ya sa aka yi guɗa aka yi kari yakan dawo a rerawa ta gaba, wanda aka yi wa shiru yakan faɗi a hanya. Saboda haka masanin halittu yakan tsaya ga tambayar me sauyi ya haifar, mai tarke kuwa dole ya ƙara da tambayar me mai shi ya nufa, kuma ko ya dace. Wannan ƙarin tambaya ita ce ta sa tarke ya zama hukunci a kan gwaninta, ya wuce ƙidaya.

Kammalawa

Abin da nake nema ga ɗan'uwana ɗalibi bai fi ƙarfinsa ba. Ya rubuta wuri da rana da taron kowane naɗi. Ya bar karin harshen mawaƙi yadda ya fito daga bakinsa. Ya sanya alamar tsawo da karin sauti a duk inda rubutu zai iya ɗaukar karatu biyu. Idan yana da ruwaya biyu, ya kawo ɗaya cikakkiya, ya nuna inda ɗayar ta saɓa, kada ya ɗinke su. Ya kuma ajiye naɗin a wuri fiye da ɗaya. Ga malamanmu masu duba kundaye kuwa, roƙona shi ne su riƙa tambayar asalin matani kafin su duba kyan sharhi.

A daren nan na ɗauki biro na sa alama a kan "ya" guda biyu, na rubuta bayanin kawuna a gefe. Lokaci bai bar ni na warware ɗinkin da na yi ba, haka na miƙa aikin. Bayan shekara biyu makaɗin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Wayar da na yi naɗin da ita ta lalace tun kafin nan, ban kuwa kwafe abin da ke cikinta ba. Abin da ya rage na wannan waƙa a duniya shi ne matanin da na haɗa, wanda bai taɓa fitowa daga bakinsa a haka ba, da alama biyu da wani manomi da bai yi boko ba ya sa na yi. Sauran abin da kunnena bai kama ba ya tafi tare da mai shi.